Kwatanta Majiyoyin Bayanai a Binciken Bi-bayani: Misali Daga Abin da Masu Juna Biyu Ke Sha a Arewacin Birnin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wajibi ne ga duk ɗalibin da ke neman takardar shaidar malanta ta NCE a fannin Hausa ya gabatar da kundin bincike kafin ya kammala karatu. Abin da aka saba gani shi ne, da zarar an amince wa ɗalibi da batu, sai ya buga takardar tambayoyi, ya rarraba, ya tattaro, ya jera alƙaluma. Ba kasafai yakan tsaya ya auna ko wannan hanya ta dace da batun nasa ba, balle ya kwatanta ta da wata.

Masana dabarun bincike sun kasa bincike gida biyu. Akwai binciken bi-ƙirga, wanda ke amsa tambayar "nawa ne?", akwai kuma binciken bi-bayani, wanda ke amsa tambayoyin "yaya?" da "me ya sa?". Na biyun ya dogara ne a kan maganganun mutane da ayyukansu da abin da suka rubuta. Duk inda manazarci ya ɗebo irin wannan bayani, mutum ne ko takarda ko wuri, shi ake kira majiya. A wannan babi za a kwatanta majiyoyi iri-iri, a ga abin da kowace ke iya bayarwa da abin da take ɓoyewa. An zaɓi batu mai wuyar tambaya domin ya zama ma'auni, wato shan barasa da sauran kayan maye a lokacin da mace ke ɗauke da juna biyu, a unguwannin da ke arewacin Kogin Kaduna. Dalili kuwa shi ne, raunin majiya ba ya fitowa fili sai an kai ta ga batun da mutane ke jin nauyin faɗa.

2.0 Muhimmancin Batun

Barasar da mai juna biyu ta sha takan shiga jininta, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta yi ƙwarin sarrafa ta ba. A shekarar 1968 wani likitan yara mai suna Paul Lemoine, a birnin Nantes na ƙasar Faransa, ya bayyana kamannin yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne. A 1973 kuma Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington da ke Amurka suka wallafa irin wannan sakamako a mujallar Lancet, suka raɗa wa larurar suna. Daga cikin alamominta akwai ƙarancin nauyi da tsawo, da ƙanƙantar kai, da siririn leɓen sama, da shafewar ɗan kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne taɓuwar ƙwaƙwalwa, wadda ba ta warkewa. Yara da yawa ma ba su da alama ko ɗaya a fuska, sai dai a same su da raunin hadda da rashin natsuwa da wahalar lissafi. Irin wannan yaro a gaban malamin firamare yake ƙarewa, a yi ta kiransa daƙiƙi ko mai ƙiriniya. Saboda haka batun ya shafi ɗalibin kwalejin ilimi kai tsaye.

A shekarar 2017 Svetlana Popova da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 9.8 cikin 100 na masu juna biyu a duniya suna shan barasa, kuma ana haihuwar yara wajen 119,000 da cikakkiyar larurar a kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya na kan ra'ayin cewa babu wani gwargwado da aka tabbatar ba ya cutarwa. Waɗannan alƙaluma aikin bi-ƙirga ne. Sun nuna girman matsala, amma ba su faɗi abin da matar Unguwar Shanu ko ta Kawo ke kira barasa ba, ko wanda ya ba ta shawarar sha, ko abin da ya hana ta gaya wa ma'aikaciyar awo. Wannan shi ne gurbin bi-bayani.

3.0 Fagen Bincike

Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa, aka mayar da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Soja da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati, daga baya kuma na masaƙu, su suka cika shi, daga ƙabilu da addinai dabam-dabam. A Kakuri, kudancin kogi, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antar giya tun 1963. Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, sun sauya zaman garin. Musulmi da dama suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kiristoci da dama suka koma kudanci, irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Talbijin.

Daga nan ne kuskure na farko ke shigowa. Ɗalibi kan ce, tun da galibin mazauna Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sarki da Badarawa Musulmi ne, kuma ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haramta giya, to babu abin bincike. Haramci yana nuna abin da jama'a suka yarda shi ne daidai, kuma babu shakka yana rage sha ƙwarai. Amma yana kuma sa wadda ta sha ta yi shiru. Ban da haka, arewacin kogi bai taɓa zama na jinsi guda ba: akwai barikokin soja da kasuwannin mami da ke cikinsu, akwai otal-otal, akwai Kiristoci da baƙi daga kudancin ƙasa a unguwanni irin su Malali da Unguwar Rimi da Kabala.

Akwai kuma kuskure na biyu da ya shafi iyaka. Arewacin kogi dabam, Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa dabam. Tudun Wada tana arewacin kogi, amma a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu take. Rigasa kuwa, duk da ɗimbin jama'arta, a ƙarƙashin Igabi take. Ɗalibin da ya karɓo alƙaluman ƙaramar hukuma guda ya ce na arewacin gari ne, ya zubar da manyan unguwanni biyu bai sani ba.

4.0 Matsalar Kalmar "Sha"

Kafin a je ga kowace majiya, dole a daidaita harshe, kuma a nan ne ɗalibin Hausa ya fi ɗalibin kowane fanni makami. Aikatau "sha" yana da faɗin ma'ana. Ana shan ruwa da kunu da fura, ana shan magani ko da ƙwaya ce, ana shan taba, ana shan mangwaro da rake, har ana shan iska da wahala da kashi. Idan aka tambayi mace "Me kike sha?", za ta lissafa kunu da zoɓo da maganin ƙarin jini, ta kuma faɗi gaskiya. Idan aka ninka kalmar aka ce "Kina shaye-shaye?", an tashi daga tambaya an koma tuhuma, kuma hira ta mutu ke nan.

Sunayen abin shan ma ba su tsaya wuri guda ba. "Giya" da "barasa" sun fi kawo hoton kwalba da mashaya. Burkutu da fito, waɗanda ake dafawa da tsiron dawa ko gero, a wurin al'ummomin da ke yin su sun fi kusa da abinci da zumunci. Bammi kuma wasu na ganinsa ruwan itace kawai, har a kudancin ƙasa akwai masu ba mai jego shi da zaton yana kawo nono. Haka nan akwai tsohon zato a birane cewa baƙar giya da madara na ƙara jini. Sai kuma jiƙe-jiƙen saiwoyi da ake jiƙawa da ogogoro, da 'yan kwalabe masu ɗaci da ake tallatawa da sunan maganin basir ko ciwon baya. Wadda ta kurɓi irin wannan domin laulayi, a ganinta magani ta sha. Idan ta ce ba ta taɓa shan giya ba, ba ƙarya ta yi niyya ba. Akwai kuma sakaya suna: tun waƙar Mamman Shata mai taken "A Sha Ruwa" aka san cewa "ruwa" a wani bakin ba na rijiya ba ne.

Gwargwado ma matsala ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa awo ɗaya a kan giram 10 na tsantsar barasa, Ingila giram 8, Amurka giram 14. Babbar kwalbar giya ta Nijeriya, mai cin santilita 60, idan ƙarfinta kashi 5 cikin 100 ne, tana ɗauke da kusan giram 24, wato fiye da awo biyu. "Kwalba ɗaya" a bakin mai amsa ta zama biyu da ɗoriya a ma'aunin likita. Ƙwaryar burkutu kuwa ba ta da ma'auni ko kaɗan, domin ƙarfinta ya danganta da tukunya da kwanakin da ta yi.

A arewacin Kaduna ya kamata a faɗaɗa tambaya ta haɗa da maganin tari mai kodin da ƙwayoyi irin su tiramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton binciken da BBC ta watsa. Kwalbar maganin tari ba ta da warin giya, ba ta kuma ɗauke da sunanta, shi ya sa take shiga inda giya ba ta shiga. Ɗan da aka haifa bayan uwa ta daɗe tana shan irin waɗannan yakan fito jikinsa ya saba da su, ya yi ta kuka da karkarwa.

5.0 Majiyoyi

5.1 Hira da Mace Ita Kaɗai

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Babu majiyar da ta kai hira ido da ido zurfi, domin ita kaɗai ke ba da labari a jere: yadda aka fara, wanda ya kawo, abin da aka ji, ranar da aka bari. Misalin da ya fi shahara a ƙasar Hausa shi ne littafin Baba of Karo, wanda aka buga a 1954. Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa Bahaushiya a lardin Zazzau tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta. Mijinta, M. G. Smith, yana nasa binciken a tsakanin maza, amma abin da ya shafi aure da kishi da haihuwa da goyo, ta bakin mace zuwa kunnen mace ya fito. Darasin bai tsufa ba. Ɗalibi namiji ba zai wuce zauren da aka rubuta "Ba a shiga" ba, in ma ya wuce, ba zai ji komai ba. Ko dai ya nemi mataimakiya ya horar da ita, ko ya sauya batu.

Ita ma ɗaliba mace tana da shingaye. Na farko kunya. Bahaushiya ba ta shelar ciki, musamman na fari. Akan ce "ta yi ɓatan wata" ko "ta yi nauyi" ko "ba ta jin daɗi". Budurwar da ta zo da littafi da biro tana tambayar matar aure abin da take sha da ciki, ta taɓo abu biyu masu nauyi a lokaci guda. Na biyu, wanda ke sauraro. Amsar da za a bayar a tsakar gida, ga kishiya tana tankaɗe, ga uwar miji a kan tabarma, ba ita za a bayar a ƙuryar ɗaki ba. Na uku, goyon ciki: mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, don haka mai bin gidajen aure ɗaya bayan ɗaya za ta rasa wannan rukuni.

Masanin harshe William Labov ya bayyana wani tarnaƙi a 1972: manazarci na son jin yadda mutane ke magana idan ba a lura da su, amma ba shi da hanyar ji sai ta lura da su. Dabararsa ita ce ya ja mai magana ga labarin da zai ɗauke masa hankali har ya manta da na'ura. Wannan dabara ta dace da batun da ake kai. Ga misalin da aka tsara domin koyarwa:

Ɗaliba: Anti, wannan cikin da na baya, wanne ya fi ba ki wahala?
Mai amsa: Ai Malama, wannan ba a magana. Wata uku ko ruwa na sha sai ya dawo.
Ɗaliba: Sannu. To da me kika samu sauƙi?
Mai amsa: Na sha na asibiti, na sha rubutu. Sai wata maƙwabciyarmu ta kawo mini wani jiƙo a 'yar kwalba.
Ɗaliba: Yaya ɗanɗanonsa yake? In kin sha me kike ji a jikinki?

Ba a ambaci giya ba, ba a kuma yaudari kowa ba muddin an riga an bayyana mata manufar binciken tun farko. Tambaya ta bi ta laulayi ta isa ga kwalba. A kwatanta wannan da ma'aunin T-ACE, wanda Robert Sokol da abokansa suka tsara a Amurka a 1989 domin masu awon ciki. Tambayarsa ta farko ita ce, kofi nawa mace ke sha kafin ta ji ta fara buguwa. A can hikima ce, domin ta ɗauke wa mai amsa nauyin cewa "ina sha". Idan aka fassara ta kai tsaye aka karanta wa matar aure a Tudun Wada, zagi ce.

Lokacin hira ma yana sauya amsa. Claire Ernhart da abokan aikinta a birnin Cleveland sun wallafa a 1988 cewa matan da aka tambaya suna da ciki, da aka sake tambayarsu bayan kusan shekara biyar, da yawansu sun faɗi adadin da ya ɗara na farko. Da tsoro ya kau, baki ya buɗe. Saboda haka hira da mai goyo ko wadda ta yaye tana iya fin hira da mai ciki amfani, ko da yake mantuwa na cin nata rabon.

5.2 Tattaunawar Rukuni

A nan akan tara mata shida zuwa goma a jefa musu batu su tattauna. Wuraren da suka fi sauƙin samu su ne makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u, da 'yan adashi. Cikin sa'a guda ɗaliba za ta kwashi kalmomi da camfe-camfe da karin magana waɗanda hira goma ba za su ba ta ba, domin wata na faɗa wata na gyara mata.

Sai dai a san abin da ake kwasa. Rukuni na bayyana abin da jama'a suka yarda a faɗa ne, ba abin da kowace ke yi ba. Babu wadda za ta ce "na sha" a gaban matan da za ta haɗu da su gobe a gidan suna. Abin da za a ji shi ne "wai", da "an ce", da "akan samu", da "wata a layinmu". Bai kamata a goge waɗannan ƙananan kalmomi wajen juyar da magana zuwa rubutu ba. "Wai" na nuna mai magana ta nesanta kanta da zance, "an" da "akan" kuma na ɓoye mai aiki. Wani lokaci "wata a layinmu" ita ce mai maganar, wani lokaci kuma tsegumi ne tsagwaronsa, kuma manazarci ba shi da ikon yanke hukunci a kan ko wanne ne. Haka kuma haɗa amarya da tsohuwa, ko matar mai unguwa da 'yar haya, yakan bar magana a bakin mutum ɗaya.

5.3 Katin Awo da Kundin Asibiti

Asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Tunawa da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Babban Asibitin Kawo, suna karɓar masu awon ciki da yawa. Amfanin takardunsu shi ne suna da kwanan wata, an rubuta su a lokacin da abin ke faruwa, kuma suna nuna yadda ciki ya ƙare. Amma ga mai bi-bayani majiya ce siririya. A ko'ina a duniya katin awo ba a tsara shi domin labari ba. Mace ta yi magana da Hausa, ma'aikaciya ta taƙaita da Ingilishi cikin kalma ɗaya ko biyu, ga layi na jira. Inda aka rubuta "babu", yana iya nufin an tambaya ta ce babu, yana iya nufin an dubi hijabinta an ga tambayar ba ta da wuri.

Sannan kundi bai san wadda ba ta zo ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na mata ne suka yi awo a hannun ƙwararru, kashi 39 kuma suka haihu a asibiti. A shiyyar Arewa maso Yamma masu haihuwa a asibiti ba su wuce kimanin kashi 16 ba. Birni ya fi ƙauye zuwa asibiti, amma wadda ta fi shiga haɗari, kamar mai cikin da ba na aure ba ko wadda shaye-shaye ya riga ya kama, ita ce ta fi gudun layin awo.

5.4 Masu Hulɗa da Mata da Kuma Lura

Ungozoma da ma'aikaciyar jinya da mai kemis da mai sayar da maganin gargajiya kowannensu ya ga ɗaruruwan mata, don haka yana iya faɗin abin da ke maimaituwa. Tsohuwar ungozoma taska ce ta sunayen jiƙo da tsimi da lokacin da ake ba da kowanne. Amma kowane ɗayansu yana da abin karewa. Mai kemis, tun bayan hanin 2018, yana iya ɗaukar baƙuwa mai tambayar kodin a matsayin 'yar leƙen asirin hukumar NDLEA. Ma'aikaciyar lafiya takan faɗi abin da littafi ya ce a yi. Mai magani kuwa talla yake yi ko da bai sani ba.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, kuma zama a ɗakin awo a saurari jawabin da ake yi wa mata kafin a fara duba su yana nuna ko ana ambaton barasa da kodin, da kuma kalmomin da ake amfani da su. Karanta takardar jikin kwalaben da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa yana nuna adadin barasar da ke ciki, in an rubuta. Iyakar lura ke nan. Abin da ake sha a ɓoye, ido ba ya kai wa gare shi, kuma bai dace a tura ɗaliba mashaya da dare da sunan bincike ba.

5.5 Taskokin Tarihi da Adabi

Kaduna ta yi sa'ar samun reshen Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a titin Yakubu Gowon, da Gidan Arewa a titin Rabah, wanda aka kafa a 1970. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ce ta ba Turawa hujjar sanya Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje, kuma masanin tarihi Simon Heap ya nuna a wani nazari na 1998 yadda aka yi ta keta wannan hani. A adabi kuma akwai "Waƙar Giya" ta Mu'azu Haɗeja. Waɗannan na taimakawa wajen shimfiɗa da fahimtar yadda al'umma ke kallon mashayi. Amma muryoyin jami'an mulki ne da na maza masu wa'azi ko nishaɗi. Mai juna biyu ba ta yi magana a cikinsu ba.

6.0 Idan Majiyoyi Suka Saɓa

Norman Denzin, a littafinsa na 1970, ya yaɗa shawarar a dubi abu guda ta majiyoyi da hanyoyi fiye da ɗaya. Ɗalibai kan fahimci wannan da cewa ana neman majiyoyi su yi baki ɗaya ne. Sau da yawa saɓanin ne sakamakon. A ɗauka katin awo ya ce babu, rukuni ya ce "akan samu", mai kemis ya ce mata na aiko yara, mace biyu cikin goma sha biyar kuma suka ba da labarin jiƙon kwalba. Kuskure ne a zaɓi ɗaya a ce ita ce gaskiya, kuskure ne kuma a mayar da biyu cikin goma sha biyar kaso cikin ɗari, domin ba a zaɓo matan ta hanyar da za su wakilci gari ba. Abin da aka gano shi ne akwai abin da ake sha wanda ba ya isa kunnen asibiti, an kuma gano sunan da ake kiransa da hanyar da yake bi.

Zariya ta ba da misali na haƙiƙa. A 1978 likitoci N. M. Davidson da E. H. O. Parry suka wallafa nazarin mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya dab da haihuwa ko bayanta. Gadon asibiti ya nuna musu cewa galibin matan Hausawa ne na kewayen Zariya. Amma sai da aka waiwayi abin da ke gudana a gida, wato kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, sannan aka samu bayanin da za a gwada. Shekaru da dama bayan haka, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin jihohi da yawa ya nuna cewa rashin ilimin boko da rama da hawan jinin masu ciki suna da hannu babba, kuma al'adun jego ba su isa su bayyana ciwon ba. Majiya ta biyu ta cike giɓin ta farko, ta uku kuma ta gyara su duka.

Game da yawan waɗanda za a tambaya, Barney Glaser da Anselm Strauss sun kawo ma'aunin ƙoshi a 1967: a ci gaba har sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Sai dai ƙoshin majiya guda ba ƙoshin batu ba ne. Wadda ta yi hira ashirin duk a Islamiyya ɗaya za ta ƙoshi da wuri, alhali ba ta ji ta bakin matar bariki ko 'yar aikin gida ba. Ga ɗalibin NCE mai ƙarancin kuɗi da lokaci, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara da rukuni biyu ko uku domin tara kalmomi, ya yi amfani da kalmomin wajen hira da ɗaiɗaiku, sannan ya kai abin da ya ji ga ungozoma da ma'aikaciyar awo ya ji ta bakinsu.

7.0 Amana

Hausawa na cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A wannan batu, maganar da ta fita tana iya kashe aure, ta zubar da mutuncin gida, musamman da yake a mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala tamanin ne, kuma kotunan Shari'a na aiki a jihar tun ƙarshen 2001. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 sun wajabta neman amincewar kwamitin ɗa'a kafin a taɓa majiyyaci ko takardunsa, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Izinin mai unguwa da na maigida suna buɗe ƙofa, amma ba sa maye gurbin yardar matar kanta, kuma babu ɗayansu da ke da haƙƙin jin abin da ta faɗa.

Sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa. Idan kundi ya ce "matar wani tela mai mata uku a bayan masallacin Juma'a na unguwa kaza", an faɗi sunanta an gama. Muryar da aka naɗa a wayar hannu kuma a kwashe ta a ranar, a goge, domin waya a gidajenmu ƙane na ɗauka, miji na dubawa. Idan mace ta bayyana cewa tana sha a kai a kai, ɗaliba ba likita ba ce, ba kuma mai wa'azi ba. Kada ta umarce ta da ta yanke sha a dare ɗaya, domin ga wadda jikinta ya saba, yankewa ba tare da kulawar likita ba na iya jawo jijjiga da haɗari ga ita da cikin. Abin da ya hau kanta shi ne, tun kafin ta fita fage, ta riga ta san asibiti da ma'aikaciyar da za ta iya tura irin wannan mata gare su, ta kuma nemi yardar matar kafin ta ambace ta ga kowa.